Yadda Ake Fara Sauraron Busar Miles Davis

Duk wanda ya ce mini busar Miles Davis, Ba'amurken nan mai busa ƙaho a salon kiɗan jazz, hayaniya ce, in na bincika sai in tarar da faifan Bitches Brew na 1970 ya fara. Kada ka soma da shi. Kayan kiɗan lantarki ne, kiɗa guda yakan haura minti 20, kunnen da bai saba ba zai gudu.

Ka fara da Kind of Blue na 1959, kiɗan farko, "So What". Don Allah ban da sifikar waya. Ko iyafis mai araha ka samu ya fi, domin a nan ni ma na yi asarar watanni: sifikar waya tana cinye sautin babbar jita ta Paul Chambers, alhali ita ce ke bayar da kiɗan. Bayan ɗan sharar fage da fiyano, Chambers zai ja kiɗan da jitarsa, a amsa masa da sauti biyu kacal, kamar mawaƙi da 'yan amshi. Ka riƙe amshin nan a ka, ka bi shi da baki in ta kama. Sai ganga ta buɗe hanya, Miles ya shigo da ƙahonsa.

To a nan ake ɓata. Mutane suna jiran ya yi gudu ko ya ƙure murya. Ba zai yi ba. Yakan busa kaɗan, ya yi shiru, ya bar makaɗa su ci gaba, sannan ya dawo. Ka saurari shirun nan kamar yadda kake sauraron busar. Da John Coltrane ya karɓa da saksofon, yana zubo sauti kamar ruwan Agusta, za ka gane abin da Miles ya ƙi yi da gangan. Ka yi mako guda kana maimaita wannan kiɗa kaɗai. Sauke shi a waya sau ɗaya, kada data ta ƙare a banza.

Daga nan ka koma baya zuwa Relaxin' da Cookin', waɗanda aka ɗauka a 1956, ka ji yadda yake toshe bakin ƙahon da murfi, sautin ya fito siriri kamar raɗa. Sai Sketches of Spain da ya yi tare da mai tsara kiɗa Gil Evans, sai In a Silent Way na 1969. Bayan wannan ne za ka buɗe Bitches Brew, da dare, gida ya yi tsit.