Kurakuran sabon shiga wajen karanta labarin bawa da allahiyarsa

A fadarmu ta masu karatu a unguwar Birni ta Damagaram, duk wanda aka miƙa wa gajeren labarin mutumin da ya sallama ransa ga wata allahiya sai ya maimaita kurakuran da na gaji da gyarawa.

Na farko shi ne ɗaukar labarin kamar littafin soyayya. Yaro yana karantawa yana jiran allahiyar ta amince a ɗaura aure, in bai ga haka ba sai ya ce labarin bai ƙare ba. Ƙanena, ba budurwa ba ce. Ita ba ta tsufa, ba ta mutuwa, shi kuwa kwanansa ƙidayayyu ne, kuma a wannan tazarar labarin yake. Dubi Hifolitus na Girkawa, wanda marubucin wasan kwaikwayo Yurifidis ya kai labarinsa dandali a shekara ta 428 kafin haihuwar Annabi Isa. Ya guji mata saboda Artemis, allahiyar farauta, yana saƙa mata furanni, amma da ajali ya zo sai ta yi masa sallama ta tafi, don bai halatta gare ta ta ga gawa ba. Ni dai nakan rubuta a gefen takarda abin da bawan ya bayar da abin da aka mayar masa, sannan in yi hukunci.

Na biyu ya fi ƙona min rai, don shi ya raba mu da masu karatu biyu masu basira. Wani ya tashi tun shayi bai dahu ba ya kira marubucin mushiriki, ya haɗa har da wanda ya kawo labarin. Haba jama'a! Karanta labarin mai bauta wa Ishtar, allahiyar mutanen Babila na dā, ba bauta mata ba ne. Nan Damagaram wa bai taɓa jin labarin 'yan bori da Doguwa ba, da irin yankan da take nema wurin dokinta? Jin bai taɓa imanin kowa ba. In zuciyarka ba ta natsu ba, ajiye takardar, amma kada ka kafirta ɗan'uwanka a kan ƙagaggen labari.

Sauran ƙanana ne. Kada ka tsallake sunan allahiyar, nemi sanin ko ta farauta ce ko ta yaƙi. Kuma gajeren labari ba a yi masa karatu ɗaya a waya ana bisa kabu-kabu. Zauna ka maimaita shi.