Yadda ake zaga birnin Panama cikin kwana biyu

Da farko ka zaɓi lokaci. Rani a Panama daga tsakiyar Disamba ne zuwa Afrilu. Sauran watannin kuwa ruwa kan tsuge da rana tsaka ko da la'asar, don haka duk abin da ke buƙatar tafiyar ƙafa a yi shi da safe. Canjin kuɗi ba zai wahalar da kai ba, dalar Amurka ake kashewa a can.

Ranar farko ka soma da mashigin ruwan Panama, hanyar jiragen ruwa da aka haƙa ta haɗa tekun Atlantika da na Pasifik, domin shi ne kaɗai wurin da ba kai ke tsara wa kanka lokaci ba, jirage ne. Tun da daddare ka bincika ƙarfe nawa za su ratsa Miraflores, wurin da ake ɗaga jirage da sauke su a mashigin, saboda akwai sa'o'in da ba jirgi ko ɗaya, sai ka biya kuɗin shiga ka ƙare da kallon kankare. In ka dace, ka hau benen 'yan kallo ka tsaya. Jirgi zai shigo wani dogon kwarmi a hankali, ƙananan kawunan jirgin ƙasa masu lantarki na riƙe da shi da igiyoyin ƙarfe hagu da dama, kada ya gogi bango. A rufe ƙofofi a bayansa, a sako ruwa ta ƙasa, sai ka ga ƙaton jirgi maƙare da kwantena yana tashi kamar ƙullun fanke. Ba famfo ke turo ruwan ba, gangarowa yake daga sama da nauyinsa. Haka ake ɗaga jirgi hawa-hawa har mita 26, ya kai tsayin tafkin Gatun. An buɗe mashigin a 1914, Amurka ta miƙa shi ga Panama ranar 31 ga Disamba 1999, aka faɗaɗa shi a 2016.

Daga nan ka nufi kasuwar kifi, Mercado de Mariscos, ka ci abincin rana. Sebiche suke sayarwa a ɗan kofi: ɗanyen kifi da aka jiƙa da lemun tsami da albasa. Wanda cikinsa bai yarda da ɗanye ba, ya nemi soyayyen kifi da soyayyar ayaba. A sauran gidajen abinci kuwa a riƙa tambaya, naman alade ba baƙo ba ne a girkinsu.

In rana ta yi sanyi, ka taka zuwa Casco Viejo, tsohuwar unguwar birnin, kusa ne. Lunguna ne matsattsu da benaye masu baranda. Ka leƙa majami'ar San José ka ga bagadinta mai ruwan zinare, ka ƙarasa dandalin Faransa, inda ake tunawa da Faransawan da suka fara haƙa mashigin suka kasa. Da dare kada ka zarce unguwar El Chorrillo da ke maƙwabtaka. Ka hau tasi.

Rana ta biyu ka yi sammako zuwa dutsen Ancón, mai tsayin mita 199. Hawan ba wuya, kuma daga sama kana hangen tsohon gari da dogayen benaye da mashigin gaba ɗaya. Sannan Panamá Viejo, kufan garin farko da Sifaniyawa suka kafa a 1519. Ɗan fashin teku Henry Morgan ya far masa a 1671, gari ya ƙone, shi ya sa aka koma Casco Viejo a 1673. Ka hau hasumiyar cocin da ta rage. Awa biyu ta isa.

Yamma ta Amador ce, hanyar da aka cike teku da duwatsun da aka haƙo daga mashigin aka shimfiɗa. Ka yi hayar keke. Gidan tarihin Biomuseo na nan, amma a ganina in lokaci ya ƙure a bar shi. Daga Amador ɗin jirgin ruwan tsibirin Taboga ke tashi, tafiyar kamar rabin awa, ga mai kwana na uku.