Yadda masu keke ke kamun ƙafa a majalisar Birtaniya idan za a taɓa ƙa'idojin hanya

Tun 1931 Birtaniya take da kundin ƙa'idojin hanya da ake kira Highway Code. Duk lokacin da Ma'aikatar Sufuri ta ce za ta yi masa kwaskwarima, masu keke sukan kasa kunne, domin kalma guda a cikinsa tana iya rage wa mutum diyya bayan mota ta kaɗe shi. Wanda ke son a ji muryarsa a irin wannan lokaci, ga hanyar da ake bi.

Ku fara da karanta daftarin kansa, ku ajiye tsohon kundin a gefe kuna gwadawa layi bayan layi. Ƙa'idojin iri biyu ne. Inda aka rubuta "must" da manyan baƙaƙe, doka ce, wanda ya saɓa ya yi laifi. Inda aka ce "should", shawara ce. A nan ne sabon shiga kan yi sake, ya ce ai shawara ba ta ɗaure kowa. To, sashe na 38 na dokar zirga-zirga ta 1988 ya ba kotu damar dubawa ko mutum ya bi shawarar, wajen tantance mai alhaki. Lauyan kamfanin inshora da ita zai kafa hujja, ya ce mai keken ma yana da nasa sakacin, a zabtare masa wani kaso na kuɗin.

Abin da ya tayar da ƙura a 2006 da 2007 ke nan. Daftarin lokacin ya nemi masu keke su bi layin da aka keɓe musu duk inda hakan zai yiwu. A takarda maganar ba ta da aibu. A kan titi kuwa, layin kan cika da fasassun kwalabe, ko ka tarar an ajiye motar kaya a tsakiyarsa, ko ya ƙare kwatsam daidai mahaɗar da ta fi haɗari. Ƙungiyar masu keke ta CTC, wadda aka kafa a 1878 kuma ta koma Cycling UK a 2016, ta sa dubban mambobinta suka rubuta wa 'yan majalisarsu. Kundin da ya fito a watan Satumbar 2007 ya faɗi ƙarara cewa bin waɗannan layuka ba tilas ba ne.

Na biyu, ku san lokacin da ƙofa take buɗe. Kafin komai ma'aikatar takan fitar da daftari ta nemi jin ra'ayin jama'a. Na 2020 ya fara ranar 28 ga Yuli ya rufe 27 ga Oktoba, aka kuma samu amsoshi fiye da 20,000. A wannan zango ne ake iya sauya kalma cikin sauƙi. Da zarar an ajiye daftarin a gaban majalisun dokoki biyu, ta wakilai da ta dattawa, sai a ƙirga kwana 40, ban da lokacin dogon hutu. A cikin kwanakin nan 'yan majalisa ba su da ikon gyara ko harafi ɗaya. Iyakar abin da za su iya shi ne su kaɗa ƙuri'ar ƙin daftarin gaba ɗaya, abin da ba kasafai yake faruwa ba, ko su matsa wa minista lamba ya janye ya kawo wani. Idan ba a ce komai ba, ya wuce. Gyaran da ya biyo bayan jin ra'ayin 2020 an ajiye shi ranar 1 ga Disambar 2021, ya fara aiki ranar 29 ga Janairun 2022.

Sai wasiƙa. Kujeru 650 ne a majalisar wakilai, kuma al'adarsu ita ce ɗan majalisa ba ya ɗaukar koken wanda ba ɗan mazaɓarsa ba. Don haka ku sa cikakken adireshinku a saman wasiƙar; wadda ba ta da shi, ma'aikatan ofishin sukan ture ta gefe. Shafin WriteToThem yana nuna muku wakilinku da zarar kun shigar da lambar unguwarku ta gidan waya. Kada wasiƙar ta wuce shafi ɗaya. Ku ambaci lambar ƙa'idar, ku kawo yadda take a daftari, ku rubuta yadda kuke so ta koma. Wannan na ƙarshen shi ne mafi yawan mutane suke mantawa. Korafi kaɗai ba ya ba jami'in ma'aikata abin da zai ɗora a takarda. Amma idan kun ce a ƙa'ida ta 163 a rubuta tazarar mita 1.5 tsakanin mota da keke in gudun bai wuce mil 30 a awa ba, wato kusan kilomita 48, kun ba shi jimlar da zai kwafa. Haka ma aka rubuta ta a 2022.

Ku kawo misali daga cikin mazaɓar, da sunan titin da sunan mahaɗar. Alƙaluman haɗurran da 'yan sanda ke tattarawa ma'aikatar tana wallafa su duk shekara, kuma ana iya ciro na unguwa guda. Kada ku ƙara wa miya gishiri. Idan aka kama lamba ɗaya ta ƙarya, sauran maganar ta tafi ke nan.

Wasiƙar da ƙungiya ta tsara kowa ya danna ya aika tana da nata amfani, domin tana nuna yawa. Sai dai ofishin kan tara su wuri ɗaya ya ba su amsa iri ɗaya. Ku sauya aƙalla sakin layin farko da bakinku.

A ƙarshen wasiƙar ku nemi abu guda takamaimai. Mafi amfani shi ne ɗan majalisar ya rubuta wa ministan da kansa, domin wasiƙarsa minista ne ke amsa ta, taku kuwa ma'aikaci ne zai amsa. Zai kuma iya gabatar da tambaya a rubuce, ko ya nemi muhawara a Westminster Hall, zauren muhawara na biyu na majalisar wakilai. Takardar koke a shafin majalisa tana samun amsar gwamnati idan ta kai sa hannu 10,000, a duba yiwuwar muhawara idan ta kai 100,000, amma tana cin lokaci, kwana 40 kuma ba ya jira.

Idan da hali, ku ga ɗan majalisar ido da ido. Yawancinsu sukan ware lokacin ganin 'yan mazaɓa, galibi ranar Juma'a, kuma da wuya a ba ku fiye da minti goma zuwa goma sha biyar. Ku tafi mutum biyu ko uku, takarda ɗaya a hannu, a kuma san wanda zai fara magana. Ku haɗa da wanda ba a zata ba: uwa mai kai yara makaranta a keke, ko mai kai saƙon abinci. Zagin direbobi babu inda zai kai ku, domin wataƙila ɗan majalisar ma da mota ya zo, haka yawancin masu zaɓensa. Gara ku nemo masu tafiya a ƙasa da mahaya dawaki ku haɗa kai. Gyaran 2022 ya shafe su duka: ya ɗora nauyi mafi girma a kan wanda abin hawansa ya fi iya yin ɓarna, ya ba doki tazarar mita 2, ya kuma shawarci mai fita daga mota ya buɗe ƙofa da hannun da ya fi nisa da ita, don jikinsa ya juya ya hangi mai keken da ke tafe.

Bayan ganawar ku aika da godiya a gajarce, ku maimaita abin da ya yi alkawari. In mako uku ya wuce shiru, ku tuntuɓi ofishin ku nemi kwafin amsar ministan. Ku kuma tuna cewa kundin nan na Ingila da Sikotland da Wales ne. Ireland ta Arewa tana da nata daban, don haka mazauna Belfast ba majalisar Landan za su nufa ba.