Kurakuran da masu koyo suka fi yi wajen zaɓen maikrokontrola

Duk shekara idan lokacin furojet ya zo, shagona da ke Samaru ba ya rabuwa da ɗalibai, kowa da bod ɗinsa a cikin leda, maganar kuma ɗaya ce: "Malam, jiya yana aiki, yau ya ƙi." Na gaji da maimaita bayani ɗaya ga mutum ashirin, shi ya sa na zauna na rubuta. Kasuwar maikrokontrola, wato ƙananan cif da ake loda wa kod su sarrafa na'ura, ta sauya ƙwarai daga 2020 zuwa yau, amma masu koyo har yanzu suna sayayya da ilimin tsofaffin bidiyon YouTube.

Kuskure mafi tsada shi ne yarda da sunan da aka buga a bayan cif. Wannan ni kaina ya ci ni. A 2021, lokacin da cif ya yi ƙaranci a duniya, na karɓi aikin haɗa na'urar da ke kunna famfon burtsatse ta kashe shi idan tanki ya cika, guda talatin. Na gwada komai a kan cif ɗin STM32F103C8T6 na asali, na kamfanin ST, ya yi daidai. Da na koma saye, farashi ya yi tashin gwauron zabo, sai na ga wani mai sayarwa a intanet yana bayarwa da sauƙi. Na saya duka, na zauna kwana uku ina liƙa su da dalma ba tare da na gwada ko ɗaya ba. Ranar loda kod, na farko ya ƙi, na biyu ya ƙi, na goma ya ƙi. Ashe ƙaramin ɗan'uwansa C6 ne aka goge aka buga masa C8. Shi C8 yana da ma'ajiyar kod ta 64KB da RAM 20KB, C6 kuwa 32KB da 10KB kawai, kod ɗina kuma ya haura 40KB. Haka na riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya da iska mai zafi ina ɓamɓarewa, siraran layukan jan ƙarfe na bod shida suka ɗaye. Mai aikin ya zo sau biyu daga Tudun Wada, na biyun bai ko zauna ba. Kuɗin da na yi asara na mayar, amma mutumin bai sake kawo mini aiki ba, kuma wannan har yau yana yi mini ciwo.

A fahimce ni, ba cif ɗin Sin nake kushewa ba. GigaDevice na yin GD32, Geehy na yin APM32, WCH na yin CH32, kuma kowannensu da sunansa yake sayar da kayansa. GD32F103 ma yana kaiwa 108MHz, inda na ST ke tsayawa a 72MHz. Ɓarnar tana wajen 'yan tsakiya masu goge suna su buga wani. Ni yanzu na fi son GD32 da ya faɗi gaskiyar sunansa a kan STM32 mai arhar da hankali bai ɗauka ba, araha ba ta ado. Al'adata ita ce in sayi biyu tukuna, in haɗa ST-Link, na'urar loda kod, in karanta lambar shaidar cif da girman ma'ajiyarsa, in loda kod da zai cika ta har baki, in gwada USB. Idan STM32CubeIDE, manhajar ST ta rubuta kod, ya ce bai iya tabbatar da cewa na ST ne ba, kada ka ɓata dare kana canza waya, amsar ce ya ba ka.

Na biyu, ɗaukar cewa suna ɗaya halitta ɗaya. Yaro zai ce mini ya sayi ESP32, in tambaye shi wanne, sai ya tsaya yana kallona. Espressif ya fitar da ESP32 na farko a 2016, bayansa iyalin ya yi yawa. ESP32-C3 ƙwaƙwalwa ɗaya gare shi, ta tsarin RISC-V, kuma Bluetooth ɗinsa BLE ne kawai, wato mai ƙaramin cin wuta, ba irin na da ba. S3 ma BLE ne kawai, S2 kuwa ba shi da Bluetooth kwata-kwata. Saboda haka kod ɗin BluetoothSerial da ka kwafo, mai buƙatar Bluetooth irin na da, ba zai yi aiki a kansu ba ko ka kwana kana gwadawa. Haka Arduino Uno R4 da ya fito a 2023: siffarsa irin ta magabacinsa R3, amma cikinsa Renesas RA4M1 ne, ba ATmega328P na Microchip ba. Ƙafar R3, wato inda ake jona waya, tana ba da 20mA, ta R4 kuwa 8mA. Wanda ya saba jona abu kai tsaye a ƙafa zai kashe ta, kuma kod da ke taɓa rijistocin AVR, dangin cif ɗin R3, kai tsaye sai an sake rubuta shi.

A nan ne raina ke ɓaci da ku, ƙannena. Takardar bayanin cif kyauta ce, tana cikin wayar da kuke kallon ƙwallo da ita, amma ba ku buɗewa. ESP32 da Raspberry Pi Pico na farko duk da bolt 3.3 suke aiki, ku kuma ku ɗauko sensar auna nisa HC-SR04 da ke mayar da bolt 5 ku soka a ƙafarsu. Yau ya yi aiki, gobe ya yi, ranar da za ku tsaya gaban malamai ƙafar ta mutu, sai ku ce an sayar muku da jabu. Rizista biyu ne maganin, 1k da 2k, kuɗinsu bai kai na ruwan leda biyu ba. Sannan wutar da kuke ba shi: ESP32 yana fizgar wuta da ƙarfi duk lokacin da Wi-Fi ya tashi, kamfanin ya ce a tanadar masa aƙalla 500mA, ku kuwa ku jona shi da cajar da ta sha faɗuwa. Idan ka ga yana ta mutuwa yana tashi da saƙon brownout, wato wuta ta yi ƙasa, bar kod ɗin, duba wuta. Ni nakan ɗora kafasita 470µF kusa da bod, wasu na ganin ya yi yawa, ni dai tun da na fara ban sake ganin matsalar ba. Ka kuma tuna cewa a ESP32 na asali ƙafafun auna bolt na rukunin ADC2 ba sa karatu idan Wi-Fi na kunne, don haka a mayar da sensa ADC1.

Na uku, rawar jiki a kan sabon abu. Raspberry Pi ya fitar da RP2350 da Pico 2 a Agustan 2024, cif mai kyau, da RAM 520KB. Amma bugun farko, A2, yana da aibin da kamfanin da kansa ya rubuta da lamba E9: ƙafar shigarwa mai dogaro da rizistan ciki mai janyo ta zuwa sifili takan maƙale a wajen bolt 2, ta ƙi komawa sifili. Wata ɗaliba ta shafe mako tana canza maɓalli a banza. Muka sa rizista 4.7k daga waje zuwa ƙasa, magana ta ƙare. An gyara aibin a bugun A4 na 2025, don haka karanta rubutun kan cif kafin ka biya. Duk sabon cif, jerin aibobinsa nake fara nema kafin jerin bajintarsa.

Wani kuma ya ji cewa Qualcomm ya sanar da sayen Arduino a Oktoban 2025 an fitar da UNO Q mai aiki da Linux, sai ya zo yana son shi don kunna fanka. Fanka ba ta buƙatar Linux. Kishiyarsa shi ne mai jin cewa CH32V003 kusan senti goma ne na dala, ya sayi hamsin, bai san RAM ɗinsa 2KB ne ba, bai kuma sayi WCH-LinkE da ake loda masa kod da shi ba.

Sauran ƙanana ne. Rile ba tare da dayod a kan nadinsa ba yana kashe tiransista. Wayar USB ta caji kaɗai ba ta ɗaukar kod, kuma yawancin Arduino masu araha suna son direban CH340 a kwamfuta. Idan wuta biyu daban kake amfani da su, to a haɗa ƙasansu, wato GND ɗinsu. A hunturu, taɓa ƙarfe kafin ka taɓa cif, iskar Zariya a lokacin tana tara wutar jiki sosai. Kada ka loda kod da kwamfutar da batirinta ya mutu alhali wuta na iya ɗaukewa. Idan kuma ka gwada ka tabbatar cif ɗin na ƙwarai ne, sayi uku maimakon ɗaya, domin kaya daga Sin kan ɗauki makonni kafin su iso Zariya, ranar gabatar da furojet kuma ba a ɗaga ta saboda kai.