Yadda ake bin sawun marubuta tarihi

Aikin mai nazarin yadda ake rubuta tarihi shi ne bin sawun masu ba da labari: wane ne ya rubuta, a wace shekara, daga bakin wa ya ji, kuma wa yake so ya karanta. Hanya mafi sauƙi ga ɗalibi a Yamai ita ce ya ɗauki al'amari ɗaya tak, kamar yaƙin Lugu na watan Afrilun 1899, inda rundunar Faransa ƙarƙashin hafsoshi Voulet da Chanoine ta gwabza da mutanen Sarauniya Mangu.

Da farko ka tattara duk abin da aka rubuta a kai, ka jera shi bisa shekaru. Za ka tarar rahotannin sojojin Faransa ba su ba Sarauniya wuri mai yawa ba, alhali yawancin abin da jama'a ke faɗa yau ya samo asali ne daga ƙagaggen labarin da Abdoulaye Mamani ya wallafa a 1980 da fim ɗin da ya biyo baya a 1986. Kada ka watsar da littafin don ƙagagge ne, domin shaida ce a kan yadda 'yan Nijar suka so a tuna da turjiyar kakanninsu bayan samun 'yanci.

Daga nan sai taskar adana takardun tarihi ta ƙasa. Duk rahoton kumandan da ka buɗe, ka tuna akwai tafinta tsakaninsa da mai magana, kuma sau da yawa haraji ne ya sa aka yi tambayar. Ka leƙa IRSH, cibiyar binciken tarihi da al'adu ta jami'ar Yamai, inda ake ajiye rubuce-rubucen Larabci da ajami, waɗanda masanin tarihi Boubou Hama ya yi ɗawainiyar tattara da yawansu.

Tarihin baka shi ya fi bukatar haƙuri, kuma a ganina nan ɗalibai suka fi gaggawa. Ka je wurin dattijo da goronka, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka nemi izini kafin ka kunna na'urar ɗaukar murya, kuma ko ya saɓa wa littafi kada ka katse shi. Ka tambaye shi, "Baba, daga wa kuka ji wannan?" Ka ji kowane dattijo shi kaɗai, don a gaban jama'a ƙarami ba ya musanta babba. Kirarin maroƙi yana riƙe sunayen sarakuna daram, amma ba kasafai yake ambaton ranar da aka ci ubangidansa da yaƙi ba.

Wajen rubutu, inda ruwayoyi biyu suka saɓa, ka kawo su duka, kowace da mai ita da shekararta, sannan ka faɗi wadda ka fi gamsuwa da ita da dalilinka.