Kafin ku auna nauyin kuɗin magani a kan gidajen karkara

'Yan uwa masu aiki da Stata, manhajar nazarin alƙaluma, ga inda lissafi ke lalacewa. Gidan da kuɗin lafiyarsa ya haura kashi 10 cikin 100 na abin da yake kashewa gaba ɗaya shi ake sa wa 1, wato yana sahun haɗari, sauran 0. To amma a ƙauyukan Jigawa abinci da yawa daga rumbu yake fitowa. In ba ku kimanta gero da dawan da aka ci da farashin kasuwa kun haɗa ba, kashewar gidan za ta fito ƙarama, sai gidaje da yawa su faɗa sahun haɗari.

Ku daidaita wa'adi tukuna: kuɗin kemis na mako 4 a ninka sau 13 kafin a haɗa da na kwanciya asibiti na wata 12. Bayanan damina kuwa, lokacin zazzaɓin cizon sauro, ninkawar kumbura su take yi.

Gurbin da ba a cike ba kada ya zama sifili, kuma ku kula kada ya zama 1, domin Stata tana ɗaukar ɗigon da take sawa a gurbin a matsayin adadi mafi girma. Sannan ku sa svyset, umarnin da ke shaida wa Stata yadda aka zaɓo gidajen, in ƙauye-ƙauye aka zaɓo su.