Darasi na Tara: Guzurin Matafiyi, Riƙonsa da Kashe Shi

Darasinmu na yau a kan kuɗin da mutum yake fita da su daga ƙasarsa ne. Na ɗauki misalin tafiya Makka, domin ita ce tafiyar da yawancinmu muke tari dominta shekara da shekaru, amma ɗan kasuwa mai zuwa Kwatano ko Dubai ma zai tsinci rabonsa a ciki.

Shekarar da gwaggona ta sauke farali, an ba ta guzurinta tun a sansanin alhazai, takardun dala ɗari-ɗari guda biyar. Ta ƙulle su a haɓar zani kamar yadda ta saba da kuɗin cefane. A Madina wani saurayi mai jin Hausa ya tare ta a ƙofar masauki, ya gaishe ta har ƙasa, ya ce, "Hajiya, kawo in canzo miki, kada ki sha rana." Bai jima ba ya dawo ya ce shagon a rufe yake, ya miƙa mata takardu biyar. Ta ƙirga, biyar cif, ta sa masa albarka. Sai washegari da ta kai su wurin ɗan canji aka ba ta riyal goma sha takwas da 'yan tsaba. Dala ɗaya-ɗaya ya musanya mata. Da ta dawo gida tana ba ni labari idonta cike da ƙwalla, ta ce, "Ɗan nan, wallahi duk kamarsu ɗaya, tsayinsu ɗaya." Gaskiya ta faɗa, kuma saboda ita nake nacewa a kan wannan darasi.

Sanin takardar kuɗi

Mu da muka saba da naira, kala muke dubawa mu gane kuɗi. Dalar Amurka ba ta yarda da wannan ba. Takardar dala 1 da ta dala 100 girmansu ɗaya, faɗi da tsawo, kuma duka akwai hoton Bature a tsakiya. Lamba ce ke raba su. Dubi kusurwar takardar: in ka ga 1 shi kaɗai, dala ɗaya ce. In ka ga 1 da sifili ɗaya, goma ce. In ka ga 1 da sifili biyu, 100, ita ce ɗari. Sabuwar dala ɗari da aka fitar a 2013 tana da wani zare shuɗi da ya ratsa ta daga sama zuwa ƙasa, wanda babu shi a jikin dala ɗaya. In za ka sayi dala a wurin 'yan canji, ko a Wapa ta Kano ko a Zone 4 ta Abuja, nemi wannan sabuwar, mara yaga, mara tabon mai ko rubutun biro. Tsohuwar takarda da mai datti sau da yawa a waje ana karya musu farashi, wani wurin ma a ƙi karɓa.

Riyal ya fi sauƙin ganewa. Takardar 500 shuɗiya ce mai hoton Ka'aba, ta 100 ja ce mai hoton koren kubbar masallacin Annabi (SAW). Duk da haka lambar za ka karanta, kada ka dogara da kala kaɗai.

Abin da zai kwantar maka da hankali shi ne, farashin riyal da dala ba ya rawa irin na naira. Tun 1986 Saudiyya ta ɗaure kuɗinta a kan riyal 3.75 kowace dala. Ke nan dala 100 riyal 375 ce. Ɗan canji zai cire ɗan abin da zai ci, ya ba ka ƙasa da haka kaɗan. Amma in ya miƙo maka 300 ya ce shi ke nan, karɓi dalarka ka ƙara gaba. Shiga shagon canji mai rajista da kanka, ka ƙirga a gabansa kafin ka juya baya, ka karɓi rasit. Zuwa da kai ya fi aike. In ƙafa ba ta da ƙarfi, ko lissafin bai zauna ba tukuna, tafi da ɗan garinku da ka sani tun daga gida, ko jami'in alhazan ƙaramar hukumarku, amma kuɗin ya tsaya a hannunka.

Tsaba ko kati

Matasa za su ce maka, "Baba, me za ka yi da tsabar kuɗi, ga kati?" Akwai gaskiya a maganarsu. Kati in ya faɗi, ana kiran banki a rufe shi, kuɗin na nan. Tsaba in ta faɗi ta tafi. Manyan shaguna da kantunan magani a Makka da Madina kuwa duk suna karɓar kati.

Sai dai kati yana da nasa sharuɗɗa, kuma a gida ake cika su. Je bankinka tun da sauran mako biyu ko uku, ka tambaye su: katin nan yana aiki a ƙasar waje? Nawa ne iyakar abin da zan iya kashewa? Nawa kuke cira duk lokacin da na zari kuɗi a ATM? Kada ka ji kunyar tambaya, matambayi ba ya ɓata. An yi shekarun da bankunan Najeriya da dama suka hana katin naira aiki a waje, mutane suka isa can da kati a aljihu ba su da na shan ruwa. Wanda yake da asusun dala da katinsa ya fi samun sauƙi. Ka tuna kuma saƙon banki yana zuwa ne ta layin wayarka na gida, to ka tabbatar layin zai yi aiki a can. Lambar sirri kuwa a kai ake ajiye ta. Na sha ganin dattijo ya rubuta ta a bayan katin, wanda daidai yake da barin mabuɗi a jikin kwaɗo. In na'ura ta tambaye ka ko a lissafa da dala ko da riyal, zaɓi kuɗin ƙasar da kake ciki, yawanci shi ya fi araha.

Ni dai ra'ayina, ga wanda bai saba da kati ba tun a gida, tsaba ce madogara, kati ya zama na ko-ta-kwana. Mai sayar da shayi, mai tura keken guragu da mai aski bayan jifa, da yawansu riyal a hannu suke so.

Inda za a ajiye

Kasa kuɗinka gida uku. Na kashewar yini, ƙananan takardu 5 da 10, su zauna a jakar wuya. Babban kaso ya zauna a lalita ko ɗamara mai zif, a jikin fata, ƙarƙashin tufafi. Maza su tuna harami ba shi da aljihu, don haka a sayi bel tun kafin a ɗaura shi. Kaso na uku ka kulle a akwati a masauki, ka manta da shi sai ranar da ta ɓaci. Wurin ɗawafi da wurin jifa a Mina cunkoso ne da ba ka jin hannun da ya taɓa ka, kada ka shiga da dukan guzurinka. Kuma kada ka zaro damin kuɗi a gaban mai tebur don sayen carbi ɗaya.

Mai tafiya da kuɗi masu yawa ya sani doka tana jiransa a filin jirgi. A Najeriya abin da ya haura dala 10,000 sai an bayyana wa kwastan, Saudiyya ma tana da nata iyakar. Bayyanawa ba laifi ba ne, ɓoyewa ce ke sa a ƙwace. Haka nan kada ka karɓi ƙunshi ko ambulan daga wanda ba ka sani ba don ka kai wa wani.

Lissafin kwana

A ce guzurinka dala 500 ne, zamanka kwana 30. Ware dala 100 ka kulle. Sauran 400 sau 3.75 ya ba da riyal 1,500. Raba su gida 30, kowace rana riyal 50 ke nan. Ranar da ka kashe 80, gobe 20 gare ka. Abin da ke cinye guzuri shi ne tsaraba a makon farko: ido ya ga jallabiya da darduma da turare, sai a wayi gari tun ba a hau Arfa ba aljihu ya bushe. Bari sai an gama aikin Hajji, ka ga abin da ya rage. Ka tuna da awon kaya ma, domin abin da ya wuce kilo ko ka biya ko ka bar shi a filin jirgi. Kuɗin hadaya a ware shi daban, a biya ta hanyar da malaman bita suka nuna.

Masu fatauci zuwa maƙwabta, ku kula da abu biyu. Sefar Nijar da Benin daban take da sefar Chadi da Kamaru, darajarsu ɗaya amma takardunsu daban, kuma ba lallai mai shago a Maraɗi ya karɓi ta Garwa ba. Sa'an nan in Bahaushen Damagaram ya ce maka "dala ashirin", ba dalar Amurka yake nufi ba. Dala a bakinsa sefa 5 ce, ashirin ɗinsa sefa 100 ke nan, jakarsa kuma sefa 1,000.

Aikin aji

Kowa ya yanka takardu biyar masu girma ɗaya, ya rubuta 1 a kan biyu, 10 a kan ɗaya, 100 a kan biyu. Ku zauna biyu-biyu, ɗaya ɗan canji, ɗaya matafiyi. Matafiyi ya zaro takarda, ya karanta lambar da ƙarfi, ya faɗi riyal nawa ya kamata a ba shi kafin ɗan canji ya buɗe baki. Sa'an nan ku rubuta a littafinku: mai dala 300 da zai yi kwana 15, in ya ware dala 100, riyal nawa yake da su kowace rana? Ku zo da amsar ranar Asabar.